Kaɗan Suke Ɗiba

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya sanyin ƙasar mutane? Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa bakin ƙofa ta zauna tana yi wa masu wucewa gyaran tafiya. Matata na gaishe ki, manyan yaran ma haka.

Na san za ki ce Yaya da takarda kamar da biro aka haife shi. To ya zan yi? Kin san yadda wayarki take ƙarewa. Inna ta riƙe, kowa ya kewaye ta, ki ce lafiya, mu ce lafiya, sai ki ce a kara wa takwararki, ƙaramar 'yata, a kunne ki yi mata waƙa. Ni dai ba na samun bakin magana. Amma ki sani yarinyar nan ta san muryarki. Kina fara waƙar sai ta juya wayar tana leƙa bayanta, tana neman inda kika ɓuya. Watanta tara ke nan, haƙora biyu sun fito, kuma ko daga ɗaki aka kira sunanku sai ta waiwayo.

Shekaranjiya uwarta ta kai ta asibitin unguwa don allurar ƙyanda. Sun yi zaman benci tun safe. Da nas ta fito ta tambayi masu ƙyanda, mata uku suka ɗaga hannu. Sai ta ce, "Kwalbar ta yara goma ce. In na buɗe don ku kaɗai, sauran ta lalace kafin yamma, kuma ni za a tuhuma. Ku dawo mako mai zuwa, ku taho da maƙwabta." Matata ta ce mata, "To ko mu je mu haifo sauran kafin nan?" Duk benci aka yi dariya, har nas ɗin. Haka suka dawo.

Abin dariyar, a makon nan a maɗaba'armu takardar sanarwar rigakafi muke bugawa, irin wadda ake mannawa a bango. Da aka kawo min in duba kurakurai, sun rubuta kyauta daidai amma sun mance ƙugiyar ƙyanda. Na sa jan biro na gyara. Na rubuta a littafina na kullum cewa yau na yi wa ƙyanda ƙugiya, 'yata kuma ba ta samu allurarta ba. Daga baya na ga kamar na cika ƙorafi, mako ɗaya ai ba komai ba ne.

Na ga hoton da kika aiko. Ko idona ne, ko kin rame? Wataƙila hasken ne. Ki dai riƙa cin abinci.

Yayanki.

*

Yaya na kaina,

Takardarka ta iso, na karanta a ɗakin hutawarmu ina dariya ni kaɗai, har wata abokiyar aiki ta tambaya ko saurayi ne. Na ce mata wane saurayi, wani tsoho ne mai farautar ƙugiyoyi. Ina lafiya. Ka gaida Inna, ka ce wa matarka bakin nan nata wata rana sai ya sa an kore ta daga asibiti.

Rama kam na rame, ba haske ba ne. Wanda yake ɗaga tsofaffi daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, ina zai ga ƙiba? Akwai wata tsohuwa a ɗaki na ƙarshe, ba ta yarda kowa ya yi mata wanka sai ni, kuma da sunan 'yarta da ta rasu take kirana. Ina amsawa. Bayana ne dai yake ɗan damuna in na kwanta.

Ku koma da takwara, kada ku yi wasa. Ka sumbace min ita a goshi.

Wannan ya tuna min wata magana, tsakanina da kai. Na shiga tsarin allura, an ɗan kwana biyu. Sai da suka zaunar da ni suka yi min bayani, suka nuna min hotuna, na yi kuka na, sannan na sa hannu. Duk wata suke ɗiba, kaɗan ne, ko ji ba na yi. Sun ce in mutum ya fara, an fi so ya ɗore. Don Allah kada ka gaya wa Inna. Ka san abin da za ta ce, kuma ka san wanda za ta tuna. Na so abin ya tsaya tsakanina da Ubangijina, kai ma don ba na iya ɓoye maka komai ne.

An buga ƙararrawa a ɗakin tsohuwata, bari in tafi.

Autarku.

*

Auta,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki addu'a. Kowa lafiya a nan.

Na karanta ƙarshen takardarki a wurin aiki, na sake karantawa a mota, na sake a gida bayan kowa ya fita. Na bi ta kalma kalma yadda nake bin aikin mutane. Ban gaya wa Inna ba, ko matata ba ta sani ba, kuma ba zan faɗa ba. Na gane wanda kike nufi. Abin Baba ne ya biyo ki. Na daɗe ina tsoron a jini yake, na zaci ni zai kama tunda ni ne babba. Shi ma haka ya riƙa cewa, kaɗan ne, ko ji ba na yi, har muka wayi gari a inda muka wayi gari. Ba zan tsawaita ba, kin ce ba kya son magana. Allah ya yaye miki.

Abu ɗaya nake roƙo, kada ki musa min. Abin da kike aiko mana duk wata, ki dakatar. Ki riƙe abinki, yanzu kin fi mu buƙata. Zan san abin da zan ce wa Inna.

Layuka biyun da kika ga na soke a nan ba komai ba ne, kuskuren biro ne.

An koma da takwararki. Wannan karon yara sun cika har sun yi yawa, matata ma ta ja maƙwabciyarmu da nata. Sai aka ce firjin asibitin ya mutu a ƙarshen mako, duk abin da ke ciki an zubar, har da kwalbar da aka ƙi buɗewa. Sai an kawo wasu. Yaushe? Nas ta ɗaga kafaɗa. An ce akwai a asibitin kuɗi na bakin babban titi, amma maigidanmu na maɗaba'a bai ba mu albashi ba tukuna, ya ce masu sanarwar bangon ba su biya shi ba. Za mu jira. Yarinyar garau take, tana rarrafe tana jan zaren takalmina.

Ki kula da kanki, ƙanwata. Ki rage ɗaga masu nauyi.

Yayanki.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Shiru, ba amsa. Kullum sai na biya ta gidan waya kafin in wuce aiki, har ma'aikacin ya fara girgiza min kai tun daga nesa. In kin bugo waya kuma, da Inna ta miƙo min sai ki ce aiki ya kira ki. Ran nan na samu na ce miki ya jikin, kika ce da sauƙi, kika kashe. Na sha rubuta miki saƙo a waya ina gogewa. Ban sani ba ko na yi miki laifi ne, ko jikin ne ya hana.

Akwai abin da na hana kowa ya gaya miki, na ce kada a tayar miki da hankali a ƙasar mutane. Yanzu da ya wuce zan faɗa. Ƙyanda ta shigo layinmu. Ta fara da ɗan maƙwabciyarmu, ta tsallako mana. Takwararki ta yi zazzaɓi, idanu suka yi ja suka manne, ƙuraje suka feso tun daga bayan kunne har tafin ƙafa. Da numfashinta ya fara sarƙewa muka kai ta babban asibiti. Yara biyu a gado ɗaya, uwaye a ƙasa kan kwali. Kunnuwanta duka biyu sun yi ta zubar da ruwa. Ɗan maƙwabciyar bai dawo gida ba. Tamu ta dawo.

Ta rame, fatarta na saɓulewa, amma tana shan nono. Ta yi sanyi ƙwarai. Jiya iska ta buga ƙofar ɗaki har Inna ta zabura, ita ko motsi ba ta yi ba, tana ta barcinta. Matata ta ce gajiyar ciwo ce. Na rubuta a littafina, sannan na rasa dalilin da ya sa na rubuta.

Ko layi ɗaya ne ki aiko, in san kina tsaye.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Ni lafiyata ƙalau. Tun da takardarka mai jan layi ta zo ban sake ganin wata ba, ni ma na ƙi amsawa don kada in rubuta abin da zan yi nadama. Yau dai na gaji da haɗiyewa.

Allah ya yaye min? Hauka na yi, ko sata na fara? Na buɗe maka cikina, ka rasa abin da za ka ce sai abin Baba ne ya biyo ni. Na sani, Baba ya yi ta rabon abin hannunsa ga mutanen da bai sani ba, ya mutu ya bar mu da tabarma da butoci, har yau Inna ba ta yafe masa ba. Shi ya sa na ce kada ka gaya mata. Ban zaci kai ma bakinku ɗaya ba. Sannan ka ce in riƙe abina, na fi ku buƙata. Wannan baƙar maganar a ina ka koye ta? Na taɓa rage muku ko sisi? Na ɗaga takardar a fitila don in ga abin da ka soke, kalma ɗaya na iya karantawa, allura. Wato akwai wadda ta fi wannan zafi ka fasa.

Bari in gaya maka yadda aka yi, tunda ba ka tambaya ba. Wasu mata ne masu riga iri ɗaya suka kafa tebur a bakin tashar jirgin ƙasa. Ƙungiya ce mai tara gudummawa tana saya wa yaran ƙasashen da ba su da hali allurar rigakafi. Suka nuna min hoton wani asibiti, benci irin namu, bango irin namu, har fentin. Na sa hannu suna ɗibar wani abu daga albashina duk wata, bai kai kuɗin shayin mako ba. Shi ke nan laifina. Ni da nake wanke kashin iyayen wasu, a bar ni mana in yi abu ɗaya da zan ce nawa ne.

Ga katin godiyar da suka aiko min na sa maka a ciki. Ka duba yarinyar da ke jiki, ka ga dariyarta. In akwai kuskuren rubutu ka gyara musu.

Wani abu kuma. Ran nan da aka kara wa takwara waya na yi waƙar har ƙarshe, ko uffan. Ita ma kun koya mata fushi da ni ne?

Auta.

*

Auta,

Muna lafiya. Takardarki ta zo, kuma na san yanzu tawa ta ƙarshe tana hannunki, sun yi saɓani a hanya.

Ban san ta inda zan fara ba, don haka zan bi abin a jere.

Da kika ce allura, kika ce suna ɗiba duk wata, jini na ɗauka. Na zaci ciwon da ya kashe Baba ne. Ke kina ƙarama lokacin, ni nake raka shi asibiti duk wata a ɗebi jininsa a ƙaramar kwalba, ya fito yana danne hannu da auduga yana ce min kaɗan ne, kada ka gaya wa uwarku. Ke kyautarsa kika tuna, ni wannan na tuna. Na ga kin rame, kin ce bayanki, kin ce kin yi kuka kafin ki sa hannu. Na haɗa su wuri ɗaya suka ba ni abin da ba ki rubuta ba. Aikina ke nan shekara da shekaru, in ga ƙugiya ɗaya in ta ɓace a shafi, amma takardar ƙanwata ta gagare ni.

Abin da na soke ba zagi ba ne. Cewa na yi, in da hali ki ɗan aiko da wani abu a kai takwararki asibitin kuɗi a yi mata allurar, kada mu jira. Na rubuta, sai na ji kunya, na ce wane irin yaya ne zai roƙi mara lafiya. Na soke.

Takwararki ba fushi take yi da ke ba. Mun kai ta wurin likitan kunne. Ya kaɗa wani ƙarfe a bayanta, ya tafa, ya sa mata wata na'ura. Kunnen dama ya tafi gaba ɗaya. Na hagu wai akwai ɗan saura, ba a sani ba ko zai tsaya. Matata ta tsaya a bayanta a ɗakin likitan tana ta kiran sunanku, har nas ta riƙe ta.

Na duba katin. Takarda mai kauri ce, bugu mai kyau, ba kuskure ko ɗaya. Sun ce saboda ke yara da yawa sun tsira. Na yarda. Na dai so a ce sun rubuta a wane layi suke, in je in gan su.

Yayanki.

*

Yaya,

Ba zan iya gaisuwa ba.

Na karanta a banɗakin ma'aikata na kasa fitowa, sai da aka buga min ƙofa. Me ya sa ba ka tambaye ni ba? Kalma biyu, ciwo ne? Ka zauna kana auna maganata kamar aikin kwastoma, ka yanke hukunci kai kaɗai, ka ɗaure bakin kowa a gida. A ƙarƙashin maganar allurar takwara fa na rubuta, Yaya, layi na biye! Kuma ko mutuwa nake yi, ka zaci zan hana ta? Abin da asibitin kuɗin nan zai karɓa ina samunsa kafin in gama yi wa tsohuwa ɗaya wanka.

Ni ma na sani. Da na ce kuɗi, da na ce sadaka, da duk wannan bai faru ba. Ina ta ɓoye lada kamar za a ƙwace min. Sannan na yi zaman fushi, ina kashe maka waya, yarinyar tana can tana ƙonewa da zazzaɓi.

Gobe zan je in ce su cire sunana. Ba na son katinsu, ba na son dariyar yarinyarsu. Ina saya wa duniya allura, mai sunana ta rasa. Duk abin da suke ɗiba zai dawo kan kunnen hagun nan. Ka tambayi likita abin da ake buƙata, ka rubuta min dalla-dalla, kuma wallahi in na sake ganin jan layi a takardarka ba ni ba kai.

Auta.

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki ko ba ki amsa ba. Inna lafiya, ta san komai yanzu. Da maganar ta zo kan Baba, tashi ta yi ta shiga ɗaki. Matata ba ta yi min magana sai ta kama dole, kuma ban ga laifinta ba.

Bayanin likita yana ɗaya shafin, ban soke komai ba. Na karɓi taimakonki, ba zan yi miki gardama ba.

Amma maganar cire suna, ki dakata. Ba don na huce ba. An kawo sabon firji asibitin unguwa, fari, da tambarin wata ƙungiya a ƙofarsa. Ban sani ba ko taku ce. Matata ta rantse ba za ta sake taka wurin ba, don haka ni na ɗauki yarinyar na kai ta sauran alluranta, ni kaɗai namiji a benci, mata na ta yi min tsiya wai ina uwargidan ta shiga. Nas ɗin nan ce dai. Ta fito ta tambayi masu ƙyanda, mace ɗaya ta ɗaga hannu, wata 'yar yarinya mai goyon fari. Na ga nas ta buɗe baki za ta faɗi abin da ta saba. Sai ta gan ni, ta ga wadda ke cinyata. Ta koma ciki ta ɗauko kwalbar ta buɗe.

Da aka yi wa ɗan yarinyar allurar, ya tsala ihu har ana toshe kunne. Duk yaran benci suka kama kuka. Tamu tana ta wasa da maɓallin rigata.

Na dawo gida na buɗe littafina, na kasa sanin abin da zan rubuta, ko godiya ko tsinuwa. Har yanzu shafin fari ne. Abin da na sani, wani ne ya biya kuɗin kwalbar nan, kuma ya makara da wata biyu a kan 'yata, bai makara a kan ɗan yarinyar can ba. Ki bar su su ci gaba da ɗiba. In kin ga matan teburin, kada ki ba su labarinmu, kada su buga hoton 'yata a kati.

Katin naki yana hannun takwararki, ta cinye gefe ɗaya.

Saura roƙo ɗaya. In kin bugo ranar hutunki, ki yi magana da Inna, ki yi da ni in kina so. Kada ki ce a kara mata a kunne. Har yanzu in ta ga wayar sai ta karɓa ta juya bayanta tana nemanki, kuma uwarta ba ta iya kallo.

Yayanki.